Babi Na Shida: Gora, Tagulla da Sabis ɗin Ƙauye

A kudancin Katsina sabis ɗin waya kwalta yake bi. Muddin mota na kan babban titin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Gusau, ko wanda ya ɓalle ta Bakori zuwa Malumfashi, da wuya waya ta rasa sabis. Da zarar an sauka kan burji an nausa cikin gonaki, sai sandunan da ke goshin waya su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a yi nisa an koma neman inda zai kama. Mutanen irin waɗannan ƙauyuka sun haddace wuraren: wani tudu a bayan gari, kan wani suri, reshen wata tsamiya, kusurwar katangar firamare. Akwai gidajen da ake rataye waya a ƙusa ɗaya tak, don a nan kaɗai kira ke shigowa. Ana yi wa wannan kallon alamar koma-baya, alhali hujja ce mai nauyi. Tana nuna cewa saƙon da turken kamfani ke watsawa yana isowa garin, sai dai a raunane yake isowa, kuma mafi yawansa ta saman kawunan mutane yake wucewa. Abin da wannan babi ya tsaya a kai shi ne, a wurare da dama giɓin da ke tsakanin turken ƙarshe da ƙauye magana ce ta tsawo da saiti, kuma mai gyaran rediyo da mai walda da maƙerin yankin za su iya cike wani sashe nasa da gora da wayar tagulla, da sharaɗin su riƙe aikin a matsayin sana'a mai awo da ƙa'ida.

Kafin a shiga yadda ake yi, ya kamata a san abin da ake asara. Wannan yanki ya daɗe da ɗaure arzikinsa da kasuwar nesa. Auduga ce ta jawo injinan gurza zuwa Funtua da Malumfashi tun zamanin Turawa, ita ce kuma ta sa layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya bi ta Funtua a ƙarshen shekarun 1920. A 1975 Funtua na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka kafa shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya, a 2024 kuma aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a garin. Manomin da ke sayar da masara a Dandume ko tumatir a Danja yana mu'amala ne da farashin da ake yankewa a Dawanau da Legas, kuma yau ta waya wannan farashi ke tafiya. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, an ga yadda ciniki ya koma tiransifa da na'urar POS dare ɗaya, aka ga mai buhu goma na waken suya tsaye yana jiran saƙon banki da ya ƙi shigowa. Kafin nan, a Satumbar 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi da Dandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, sai a Disamba aka fara mayarwa. Watannin nan sun koya wa mutanen birni abin da ɗan ƙauye ke ciki kullum: a hau mota a yi tafiya don kawai a kira likita, ko a ji ko kuɗi sun shiga.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke tsayawa a bakin kwalta ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya a 2001, lissafin bai sauya ba: turke ɗaya na bukatar fili da ƙarfe da janareta da man dizal da mai gadi da hanyar da motar mai za ta bi, kuma dole kiran da mutanen kewayensa ke yi ya biya duk wannan. Garin da ke da gidaje ɗari, wanda yawancin mutanensa katin ɗari biyu suke sawa, ba zai fitar da wannan kuɗi ba, balle inda injiniya ke tsoron shiga. Don haka jiran a kafa wa kowane ƙauye turkensa jira ne mai tsawo. Tambayar da ta rage ita ce me za a yi da ɗan saƙon da ya riga ya iso.

Masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa sun riga sun san rabin amsar, ko da ba su lura ba. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatinsa yana neman Rediyon Kaduna a kan mita 49, ko sashen Hausa na BBC a gajeren zango, ya yi amfani da ma'aunin da injiniyoyi ke aiki da shi. Waɗannan mitoci tsayin zango ne, wato tazarar da ke tsakanin tashin igiyar rediyo ɗaya da mai bi mata. Waya ma rediyo ce, mai karɓa da watsawa, sai dai zangonta gajere ne ƙwarai. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsayin zango a mita. Layin megahaz 900, wanda aka fi dogara da shi wajen kira a karkara, zangonsa kusan santimita 33 ne. Na 1800 kusan santimita 17. Waifai na megahaz 2400 kuwa santimita 12.5. Muhimmancin wannan shi ne, girman kowace eriya daga tsayin zango ake yanko shi, galibi rabinsa ko rubu'insa. Eriyar rediyon gajeren zango na bukatar waya mai mitoci da yawa, amma ta waifai guntun tagulla ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Abin da ya sa ake iya ƙera ta a kan teburin mai gyaran waya ke nan, shi ne kuma ya sa kuskuren milimita uku ko huɗu ke lalata aikin.

Dole a fahimci wani abu tun yanzu, domin a nan masu sayar da ƙarya ke samun shiga: eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Ba ta da batir, ba ta ƙara ko ɗigo a kan abin da aka ba ta. Aikinta tattarawa ne, kamar yadda kwanon azurfar da ke bayan ƙwan tocila ke tattara hasken da zai watse ko'ina ya tura shi gaba, ƙwan bai ƙara haske ba amma ga shi ana hango ƙarshen gona. Eriyar da ke cikin waya an yi ta ne ta saurari kowace kusurwa, don kamfani bai san inda mai ita zai fuskanta ba. Ɗan ƙauye kuwa ya san inda turke yake, ba shi da bukatar sauraron gabas idan turken na yamma. Eriya mai fuskantar gefe guda tana sadaukar da sauran kusurwoyi ta zuba duk jinta a wuri ɗaya, kuma ribar da ta samu wajen karɓa ita take samu wajen aikawa. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin sau da yawa wayar na jin turke, turken ne ba ya jin ƙaramar muryar wayar. Da desibel ake auna wannan riba. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfi, desibel 10 ninki goma, kuma a sarari fetal inda babu abin da ya tare, ƙarin desibel 6 na ninka nisan da saƙo ke kaiwa sau biyu. A ƙasa mai bishiyoyi da tuddai ba a samun cikakkiyar wannan riba, amma ko rabinta ya isa ya mai da sanda ɗaya mai ɓacewa ta zama layin da za a tura kuɗi a kansa.

Sai maganar tsawo, wadda a ƙasar Funtua ta fi maganar eriyar kanta. Igiyar da zangonta bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba kusan a miƙe take tafiya, kuma ganye mai ruwa yana shanye ta, musamman ta waifai. Gonakin yankin cike suke da ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da darbejiya, ga dawa da kan haura mita uku a ƙarshen damina. Shi ya sa wurin da sabis ke kamawa a watan Maris zai iya mutuwa a Agusta, mutane su ɗora laifin a kan ruwan sama, alhali a waɗannan zanguna ruwan da ke zuba kaɗan yake ragewa, ganyen da ya tsiro ne ya tare hanya. Bai ma isa a ce ana hango turken ba. Saƙo na bukatar sarari a kewayen layin da ya miƙe tsakanin eriya biyu, sararin ya fi faɗi a tsakiyar tafiya, ya tsuke a bakuna biyu. A tazarar kilomita 5 a kan megahaz 2400, wannan sarari ya kai kimanin mita 12 daga layin zuwa ƙasa a tsakiya, kuma ƙa'ida ita ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa, wato wajen mita 7, ya kasance babu komai a ciki. Idan akwai mangwaro mai mita 10 a tsakiyar hanya, sai layin ya bi ta wajen mita 17 kafin a ce an tsira. Gora ɗaya ba za ta kai nan ba. Tankin ruwan asibiti zai iya, hasumiyar masallacin Juma'a za ta iya, haka duwatsun da Allah ya warwatsa a yankin, irin wanda ke tsaye a cikin Funtua. Wanda ya san ƙasarsa ya san inda waɗannan suke, kuma wannan sani ba ya zuwa a cikin kwali daga Sin.

Ƙirar eriyar da ta fi dacewa da mai koyo ita ce mai murabba'i biyu. Ana samun wayar tagulla mai kauri kamar ta wayarin ɗin gida, tsawon kusan santimita 25, a lanƙwasa ta ta zama murabba'i biyu da suka haɗu a kusurwa kamar lamba takwas, kowane gefe milimita 31 idan don waifai ne. A bayanta a kafa farantin ƙarfe mai kimanin santimita 12 kowane gefe, a bar tazarar milimita 15 tsakaninsu, a liƙa kebul da dalma a daidai mahaɗar murabba'in biyu. Idan an yi awon daidai tana ba da ribar desibel 10 ko ɗan sama. Wanda ke son kama layin megahaz 1800 sai ya mai da gefen milimita 42, ya faɗaɗa faranti da tazarar gwargwadon haka. Akwai ta gwangwani, inda ake huda gefen gwangwanin a tsayar da guntun tagulla mai milimita 31 a ciki, amma dole faɗin bakinsa ya kasance tsakanin santimita 7.5 da 9.5, ya kuma yi zurfi, don haka ƙaramin gwangwanin madarar shayi ba ya yi, komai kyan liƙinsa. Akwai kuma mai haƙarƙari irin ta talabijin da ke kan rufin gidaje, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926. Ita ce ta fi dacewa da layin megahaz 900, kuma duk mai waldan da ke haɗa ƙofa zai iya jera sandunan alminiyon ɗinta idan an ba shi awo. Wadda ta fi su duka riba ita ce tsohon dish ɗin satalayit da ke yashe a bayan gidaje. Dish mai faɗin santimita 60, idan aka sa ƙaramar eriya a inda kan nasa yake zama, lissafi na ba shi kusan desibel 20 a zangon waifai. Sai dai yawancin irin waɗannan dish ɗin an ƙera su ne suna kallon sama fiye da yadda fuskarsu ke nunawa, don haka mai son saita shi a kan turke sai ya sunkuyar da shi har ya zama kamar ƙasa yake kallo.

A nan mai karatu zai ce, ai wayoyin yanzu ba su da ramin da za a soka eriya. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya sayar wa mutum wata takarda mai ƙyalli ya ce a manna a bayan waya sabis zai ƙaru, ya cuce shi. Eriyar ana haɗa ta ne da rawuta mai cin layin waya, irin wadda ke da bakin eriya a baya, ita ce za ta kamo saƙon turke ta rarraba shi a matsayin waifai ga wayoyin da ke ƙasa. Kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa ke faɗuwa, domin sukan ɗora eriya a sama su ajiye rawuta a ɗaki, su haɗa su da dogon kebul. Siririn kebul ɗin da aka fi samu a kasuwa yana cinye kusan desibel ɗaya a kowace mita a zangon waifai, mita goma ke nan sun lashe duk ribar da aka sha wahalar samowa. Kebul ɗin talabijin ma bai dace ba, don an yi shi ne a kan ma'aunin om 75, na'urorin waifai da na layin waya kuwa om 50 suke. Hanyar da ta dace ita ce a hau da rawutar kanta sama, a sa ta cikin robar da ruwa ba ya shiga, kusa da eriya, a sauko da kebul ɗin intanet wanda ke kai mita 100 ba tare da asara ba, a ba ta wuta daga faifan sola da batir. Wani lokaci ma ɗaga rawutar kaɗai ya wadatar, ba sai an ƙera komai ba. Idan kuma ƙauyen ya yi nisan da ko a sama ba a jin turke, sai a raba aikin biyu: a kama sabis a garin da yake da shi, a miƙa shi ta waifai tsakanin eriya biyu masu kallon juna.

Ba a kan takarda kawai wannan ya tsaya ba. A 2007 Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa a Benezuwela sun haɗa waifai a tazarar kilomita 382, da na'urori irin na kasuwa da aka gyara wa manhaja, da manyan dish, daga kan dutsen da ya haura mita 4,000. Babu mai bukatar irin wannan nisa a Kafur ko Danja, amma gwajin ya tabbatar da cewa iyakar waifai tana ga abin da ya tare hanya. A Nefal, wani malamin makaranta mai suna Mahabir Pun ya haɗa ƙauyensu Nangi da birnin Pokhara a farkon shekarun 2000, ya fara da dish ɗin talabijin da eriyoyin hannu da ake ɗaurewa a kan bishiyoyi, aikin ya bazu zuwa ƙauyuka da dama har aka ba shi lambar yabo ta Magsaysay a 2007. A Indunusiya kwanon suya na ƙarfe aka mayar dish, Onno Purbo da ire-irensa suka yaɗa ilimin a unguwanni. A gida Najeriya, gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta kafa sabis ɗin intanet na karkara mai suna Zittnet, a Kano kuma cibiyar CITAD na horar da matasa kan kafa sadarwar al'umma. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, ba a tsaya ga kayan aiki ba, an samu mutanen wurin da suka koyi awo suka iya gyara idan abu ya lalace.

Akwai masu cewa wahalar ba ta da amfani tunda eriyar kamfani ta cika kasuwa, ga kuma Starlink da ya shigo Najeriya a farkon 2023 yana sauko da intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma inda kuɗi suka samu, na'urar kamfani mai kyau ta fi ta hannu inganci da jure rana da ruwa. Amma kasuwar cike take da eriyoyin da aka rubuta wa ribar da ko lissafi bai yarda da ita ba, kuma wanda bai taɓa lanƙwasa tagulla da hannunsa ba ba shi da hanyar gane cewa abu mai tsawon taƙi ba zai ba da desibel 30 ba. Ƙera eriya makaranta ce kafin ta zama hanyar rage kuɗi. Starlink kuwa kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin gida ɗaya a ƙauye, sai an yi karo-karo, kuma da zarar an yi karo-karo an dawo kan tambayar yadda za a kai saƙon daga rufin da aka kafa shi zuwa asibiti da makaranta da unguwar da ke hayin rafi. Amsar ita ce eriya mai saiti a kan dogon abu.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na tsaro, kuma bai kamata a yi masa gaggawa ba a yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Mutane na tsoron duk abin da zai ƙara nisan sabis zai ƙara wa ɗan bindiga da infoma hannu. Sai dai a duba wanda rashin sabis ya fi cutarwa. Ɗan bindiga na da babur, zai hau tudun da ya ga dama ya yi kiransa ya sauko. Wanda ba shi da zaɓi shi ne mai unguwar da ya ji ƙarar babura cikin dare yana son sanar da jami'an tsaro da ƙauyen gaba, da mijin da matarsa ke naƙuda. Eriyar gari a kafe take wuri ɗaya, kowa na ganinta, layin da ke cikinta an yi masa rajista da lambar ɗan ƙasa ta wani sananne. Kuma ba ta da ikon tayar da turken da hukuma ta kashe. Inda aka ba da umarnin katse sadarwa, bin umarnin wajibi ne a kan mai eriya kamar kowa. Haɗarin da na fi ɗauka da gaske wani ne dabam: doguwar sanda da faifan sola a gidan mutum ɗaya na iya nuna shi a matsayin mai kuɗi. Wannan dalili ne na a kafa ta a wurin jama'a, da sanin mai gari da kwamitin da zai kula da ita. Ta fuskar doka kuma akwai bambanci tsakanin eriya da busta. Busta na'ura ce mai wuta da ke karɓar saƙon kamfani ta ƙara masa ƙarfi ta sake watsawa a zangon da kamfanin ya biya lasisi, kuma idan ba a kafa ta daidai ba takan toshe kunnen turken ta ɓata wa gari guda sabis. Hukumar sadarwa ta NCC ta sha yin gargaɗi a kanta, kuma tana da gaskiya. Zangon waifai an bar shi ga jama'a bisa sharuɗɗan da suka haɗa da iyakar ƙarfin watsawa, wanda kuma zai mai da rarraba intanet kasuwanci yana bukatar lasisin hukumar.

Haɗarin da babu jayayya a kansa shi ne na sama. Sandar ƙarfe da ta fi komai tsawo a gari tana kiran aradu, ga kebul da zai kai wutar har cikin ɗaki. Dole a sa tsinin ƙarfe da ya ɗara eriya tsawo, a sauko da waya mai kauri daga gare shi zuwa sandar tagulla da aka binne a ƙasa mai danshi, a riƙa cire kebul idan hadari ya taso, kuma kada a kafa sanda inda za ta iya faɗawa kan wayar lantarki. Iskar farkon damina ma ba a raina ta: a 2008 guguwa ta kayar da dogon turken Fantsuam a Kafanchan, wanda ƙarfe ne da injiniyoyi suka kafa. Gora na bukatar wayoyin ɗauri ta kusurwa uku da dubawa kafin kowace damina, don gara na cin gindinta.

Saura masu cewa koya wa talaka ya yi wa kansa eriya sauke wa gwamnati da kamfanoni nauyi ne. Da a ce eriya na maye gurbin turke, da sun yi gaskiya. Ba ta yi. Idan man janaretan turke ya ƙare, ko an yanke kebul ɗin da ke ciyar da shi, ko mutane sun yi masa yawa ranar kasuwa, babu tagullar da za ta gyara wannan. Tsohon tsarin kira na GSM ma yana da iyakar kilomita 35 da aka gina a cikinsa, komai ƙarfin eriya. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF musamman don kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba, kuma haƙƙin ƙauyukan kudancin Katsina a cikinsa yana nan. Abin da nake gani shi ne, garin da ya iya awo ya fi iya neman haƙƙinsa. Sandunan goshin waya ba ma'auni ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Amma a cikin saitin yawancin wayoyin Android akwai inda ake ganin ƙarfin saƙo da lamba mai alamar ragi a gaba: a layin 4G, 80 ƙarfi ne sosai, 100 ana lallaɓawa, 115 zuwa 120 bakin mutuwa ne. Da wannan lamba ake juya eriya a hankali har a sami inda ta fi kyau, da ita kuma ake gane ko aikin ya yi ko bai yi ba, maimakon a dogara da yadda aka ji a rai.

Wannan ne ya sa nake ganin wurin da ya dace da wannan ilimi shi ne aji da shago. Kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Funtua, da Kwalejin Hassan Usman a Katsina, da sashen injiniyan sadarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa a Zariya, za su iya tsara horo na 'yan makonni ga masu gyaran waya da masu haɗa sola, waɗanda dama su ne ke hawa rufin mutane. Abin da za a koyar ba shi da yawa: lissafin zango, yanka da liƙi, asarar kebul, kariyar aradu, iyakar doka, da rubuta sakamako. Kowane aiki a rubuta sunan garin, da kamfanin layin, da tsawon sanda, da kusurwar da eriya ta fuskanta, da lambar da aka samu a ƙasa da wadda aka samu a sama, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a Agusta lokacin da ganye ya rufe. Idan aka tara irin wannan daga gundumomin Bakori da Kafur da Danja da Faskari, za a ware garuruwan da sanda da tagulla suka wadatar da waɗanda ko a mita 15 babu abin da ake ji. Jerin na biyun shi ne za a ɗauka a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da asusun USPF, a kuma shigar da ƙorafinsa ta lambar 622 da NCC ta ware wa masu amfani da layi.